Yadda Ake Sauya Burauza Ba Tare Da An Yi Asarar Komai Ba

A shagona da ke Tudun Wada, nan cikin Gusau, da wuya mako ya fita ba a shigo mini da waya ko laftof ana cewa, "Malam, intanet ɗina ya lalace" ba. In na duba sai in tarar intanet lafiyarsa ƙalau. Burauzar ce ta cika da tarkace, ko kuma an ɗora mata aikin da ba nata ba. Wasu kuma kafin su iso sun riga sun yi gaban kansu: sun goge tsohuwar, sun saka sabuwa, sai da aka zo shiga imel aka ga kalmar sirrin ba ta ka, tana cikin wadda aka goge. Haka ta faru da wani malamin firamare da ya zo daga Ƙaura Namoda ana saura kwana biyu a rufe fom ɗin da yake cikewa. Wuni muka yi muna neman hanyar komawa cikin akawun ɗinsa.

Sauya burauza tamkar tashi daga gidan haya ne. Sai ka kwashe kayanka, ka ƙirga su a sabon gida, kana ka miƙa wa mai gida makulli. Ga yadda nake yi wa masu zuwa wurina.

Kayan da za ka tanada

- Waya ko kwamfutar da za a yi aikin a kanta, da caji isasshe. In wutar NEPA ka dogara da ita, bari sai batir ya cika, don ba a so abin ya mutu ana tsakiyar saukewa.
- Data, a ƙalla MB 500. Burauzar kwamfuta ta fi ta waya nauyi, kuma da ta zauna takan nemi sabuntawa.
- Layin da ka yi rajistar imel da banki da shi, a cikin waya, a kusa da kai. Lambobin tabbatarwa ta nan za su shigo.
- Adireshin imel ɗinka da kalmar sirrinsa, a ka ko a rubuce. Wannan ne uwar makullai. In ba ka tuna shi ba, tsaya nan, ka fara gyara shi tukuna.
- Filash, ko katin memori. In babu, ka tura wa kanka fayil ta imel, amma ban da fayil ɗin kalmomin sirri, zan faɗi dalili.
- Littafi da biro.

Abu biyu da ya kamata ka sani tukuna

Na farko, burauza daban, Google daban. Burauza ita ce manhajar da ke buɗe shafukan intanet: Chrome, Firefox, Edge, Opera, Safari, Brave da ire-irensu. Google kuwa wurin bincike ne, kuma za ka same shi a kowace burauza ka shiga. Mutane da yawa suna tsoron barin Chrome don suna zaton sun bar Google ke nan.

Na biyu, sunayen suna da yawa amma injinan kaɗan ne. Chrome, wadda Google ya fitar a 2008, a kan wani tushe take da ake kira Chromium. Edge ta Microsoft ta koma kan wannan tushen a farkon 2020, kuma Opera da Brave da Samsung Internet duk a kansa suke. Firefox ta Mozilla, wadda ta fito a 2004, tana da nata injin daban. Safari ta Apple ma haka. Amfanin sanin wannan shi ne, in shafi ya ƙi buɗewa a Chrome ka koma Edge, to ɗan'uwanta ka je wa, sau da yawa amsa ɗaya za ka samu. Firefox ya kamata ka gwada. In kuma a Firefox ya ƙi, ka gwada ɗaya daga cikin 'yan gidan Chromium.

Mataki na 1: Gano abin da ke damunka

Rubuta a littafinka dalilin da ya sa kake son sauyawa. Nauyi ne? Shan data? Tallace-tallace? Ko wani shafi ne guda ya ƙi aiki?

In nauyi ne kawai, gwada wannan kafin ka wahalar da kanka. A kwamfuta danna Ctrl da Shift da Delete tare, ka zaɓi goge hotuna da fayilolin da burauza ta tara, wato layin da ke da kalmar Cached, ka bar sauran. Sannan ka rufe shafukan da ka bari a buɗe. Na taɓa ƙirga fiye da tamanin a wayar wata Hajiya mai sayar da atamfa, ba ta san suna nan ba. Rabin masu zuwa wurina a nan matsalarsu ke ƙarewa.

Kuskuren da ake yawan yi: a sa alama a kan komai har da kalmomin sirri a danna gogewa. Karanta kowane layi kafin ka taɓa.

Mataki na 2: Zaɓi wadda ta dace da aikinka

A nan ake ɓata lokaci da gardamar wacce ta fi. Ni ban ga wadda ta fi a komai ba, kuma shawarata kullum ita ce mutum ya riƙe biyu: ɗaya ta aiki da kuɗi, ɗaya ta yawo da karatun labarai.

Don cike fom na JAMB ko NECO ko NYSC, biyan kuɗi ta Remita, shiga shafin ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Gusau ko kwalejin kimiyya ta Ƙaura Namoda, ko Abdu Gusau ta Talata Mafara, ka riƙe Chrome ko Edge ko Firefox, sabon zubi. Masu gina irin waɗannan shafuka galibi da Chrome suke gwajinsu, don haka ita ce ta fi ƙarancin ba da mamaki. Tana kuma iya fassara shafin Turanci zuwa Hausa. Fassarar ba ta kai ta malami ba, amma takan fitar da mutum kunya.

In kwamfutarka Windows 10 ce ko 11, Edge tana ciki tun daga kanti, ba sai ka kashe data ba. Ma'aikatan ofis da har yanzu suke da wani tsohon shafi da ba ya buɗewa sai da Internet Explorer su sani Microsoft ya yi mata ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022, amma ya bar wata kafa a cikin Edge mai suna Internet Explorer mode don irin wannan larura.

In tallace-tallace ne suka ishe ka, Brave tana toshe su da kanta ba sai ka saita komai ba. Firefox ta Android kuma tana karɓar kayan haɗi, wato ƙananan manhajojin da ake ɗora wa burauza, irin su uBlock Origin mai toshe talla, abin da Chrome ta Android ba ta yi. Sai dai ka sani, mai toshe talla wani lokaci yakan toshe har da tagar biyan kuɗi. Shi ya sa na ce a raba.

In kuwa kana yawan fita wajen gari, Bungudu ko Maru ko Anka, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, Opera Mini tana da ranarta. Ba kai tsaye take ɗauko shafi ba. Sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin Opera, a matse shi, a rage nauyin hotuna, kana ya iso wayarka. Shi ya sa take buɗe labarai a inda wasu suka tsaya cak, kuma datar ta daɗe. Amma wannan matsewar takan karya wasu maɓallai a fom, musamman in an sa ta a matakin tsimi mafi tsanani. Karanta labari da ita, duba sakamakon ƙwallo da ita, amma kada ka cike fom ko ka biya kuɗi a cikinta. Masu neman irin wannan tsimin a Chrome su daina nema, an cire shi tun 2022.

Mai iPhone kada ya sa rai da wani babban bambanci. A nan ƙasar duk burauzar da ka saka a iPhone da injin Safari take aiki, riga ce kawai ta bambanta.

Sai masu tsofaffin kwamfutoci, kuma suna da yawa a garin nan. In Windows 7 ce, Chrome ta tsaya a lamba 109 tun farkon 2023, ba ta ƙara sabuntuwa a kanta. Firefox 115 ESR ita ce ta ƙarshe daga ɓangaren Mozilla. Za su buɗe shafi, amma ni ba na shiga banki da irin wannan kwamfutar. A bar ta ga buga takardu, a yi harkar kuɗi a waya.

Mataki na 3: Kwashe adireshin da ka adana

Su ne ake kira bukmak. A Chrome ko Edge ta kwamfuta, danna Ctrl da Shift da O, ka taɓa ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi layin da ya fara da Export. A Firefox maɓallan ɗaya ne, sai ka shiga Import and Backup ka zaɓi Export Bookmarks to HTML. Fayil guda zai fito, ƙarami. Sa shi a filash.

Za a ce maka ai ba sai ka yi haka ba, komai yana cikin akawun ɗinka na burauza, irin na Google. Gaskiya ne, matuƙar akwai sabis. Mu da muke Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar, mun ga yadda "yana cikin akawun" ke komawa. Wanda aka wanke wa kwamfuta a makonnin nan, abin da ke filash ɗinsa kaɗai ya tsira da shi. Tun daga lokacin duk takardar da ta shafi kuɗi ko makaranta, rasit ko silif, nakan danna Ctrl da P in ajiye ta a matsayin PDF, ba na barinta a shafi.

In waya kaɗai gare ka: Chrome ta Android ba ta da maɓallin fitar da bukmak zuwa fayil. Hanya biyu ce. Ko ka shiga akawun ɗinka na Google a wata kwamfuta da ka amince da ita, ka bari su sauko, ka fitar da su daga can, sannan ka fita daga akawun ɗin ka goge furofayil ɗin, wato sashen da burauzar ta ware maka a wannan kwamfutar. Ko kuma, in ba su wuce goma sha ba, ka rubuta su a littafi. Ban ga abin kunya a nan ba, ya ma fi sauri.

Mataki na 4: Kalmomin sirri

Nan ne wurin da ake kuka, don haka a bi a hankali.

Fara da dubawa. A Chrome shiga Settings ka nemi Google Password Manager, ko ka buɗe passwords.google.com. A Firefox rubuta about:logins a layin adireshi. Za ka ga jerin duk shafukan da burauza ta riƙe maka. Galibi mutum yakan yi mamakin yawansu. Ɗauki biro ka fitar da manyan guda biyar ko shida: imel, banki, Facebook, shafin makaranta ko na wurin aiki. Rubuta su a littafi, littafin kuma ya kwana inda takardun fili suke kwana, ba a aljihun riga ba.

Sauran za ka iya fitar da su gaba ɗaya ta Export passwords. Kwamfuta za ta nemi lambar buɗe ta, sannan ta ba ka fayil mai ƙarewa da csv. To ka ji da kyau: wannan fayil ɗin ba shi da kulle ko kaɗan. Duk wanda ya buɗe shi da Excel zai ga sunan kowane shafi da kalmar sirrinsa a jere, tsirara. Kada ka tura shi ta WhatsApp, kada ka aika wa kanka ta imel, kada ka bar shi a filash. Ni da kaina na taɓa mantawa da nawa a filash, yaron shagona ya ɗauka ya kai wani wuri buga takarda. Ba abin da ya ɓata, alhamdu lillahi, amma daren nan ban kwanta ba sai da na sauya kalma fiye da talatin.

In kwamfutar ba taka ba ce, ta ofis ce ko ta shagon kwamfuta, tsallake fitar da fayil ɗin baki ɗaya. Littafi ya wadatar.

Mataki na 5: Sauke sabuwar daga gidanta

A kwamfuta rubuta adireshin da hannunka: google.com/chrome, mozilla.org, microsoft.com/edge, brave.com, opera.com. Kada ka bincika "download" ka danna na farkon da ya fito, don sau da yawa na saman talla ne, wasu kuma jabu ne da ke zuwa da 'yan rakiya. A waya ka bi ta Play Store ko App Store, ka dubi sunan kamfanin da ke ƙarƙashin sunan manhajar.

Na san al'adarmu ta "turo mini ta Xender". Ga waƙa da bidiyo ba laifi, amma burauzar da aka turo maka mai yiwuwa ta shekara biyu a wayar wani, kuma ba ka san hannun da ta bi ba. In data ce matsala, jira garaɓasar dare, ko ka roƙi mai Wi-Fi minti goma.

Kada ka goge tsohuwar yanzu. Su zauna tare.

Mataki na 6: Shigo da kaya

A kwamfuta, da ka buɗe sabuwar a karon farko galibi za ta tambaye ka ko ta ɗauko kaya daga tsohuwar. Rufe tsohuwar tukuna, sannan ka amsa. In ka riga ka wuce tambayar, shiga Settings ka nemi kalmar Import. Bukmak da tarihin shafuka sukan biyo ba gardama. Kalmomin sirri kuwa wani lokaci sukan ƙi, musamman daga Chrome zuwa Firefox a kan Windows. A nan ne fayil ɗin csv zai yi aikinsa: nuna mata shi, ta karanta.

Tana gamawa, goge fayil ɗin, ka shiga Recycle Bin ka sake goge shi a can. Mutane sukan manta da na biyun.

Mataki na 7: Shiga akawun ɗaya bayan ɗaya

Sabuwar burauza baƙuwa ce ga kowane shafi, ko da kalmar sirrin ta biyo. Imel zai aiko lamba ta waya, Facebook zai tambaya ko kai ne, WhatsApp na kwamfuta zai nemi ka sake nuna masa waya ta ɗauki hoton lambar nan mai murabba'i. Fara da imel, don sauran duk ta cikinsa suke aiko da saƙon gyara.

Bi jerin littafinka, duk wanda ya buɗe ka sa masa alama. In kalma ta ƙi sau biyu, dakata. Wasu shafuka, musamman na banki, sukan kulle akawun in an yi ta gwadawa. Koma tsohuwar burauza ka duba abin da ke rubuce a can. Ka ga amfanin barinta.

Mataki na 8: Naɗa ta a matsayin mai buɗe komai

In ba ka yi wannan ba, duk adireshin da aka turo maka ta WhatsApp ka taɓa, tsohuwar ce za ta tashi. A Windows: Settings, Apps, Default apps, ka zaɓi sabuwar. A Android ma kusan haka ne: Settings, Apps, Default apps, Browser app, kodayake a wayoyin Tecno da Infinix da itel wurin yakan ɗan bambanta, don haka rubuta "default" a akwatin bincike na Settings. A iPhone an ba da damar wannan tun daga iOS 14, a 2020.

Wadda ka ware don aiki da kuɗi ita za ka naɗa, ba ta yawo ba.

Mataki na 9: Raba na ofis da na gida

Laftof guda, da safe tana ofis, da dare yara suna kallo a kanta, uwargida kuma tana duba odar kayan da take sayarwa. Haka yawancin gidajenmu suke. Matsalar ita ce kowa yana shiga ta ƙofa ɗaya: yaro ya taɓa wani abu a imel ɗin ofis, ko a je nuna wa shugaba wani shafi a gaban taro tarihin kallon yara ya fito.

A Chrome da Edge akwai furofayil. Taɓa ɗan hoton da ke sama, ka zaɓi ƙara sabo, ka ba shi suna da launi. Kowane furofayil da nasa bukmak, nasa tarihi, nasa kalmomin sirri. Yi ɗaya na aiki, ɗaya na gida, ɗaya na yara. Amma furofayil labule ne ba ƙofa ba, duk mai son ɗagawa zai ɗaga. In kana son kulle na gaske, buɗe wa yara akawun nasu daban a Windows, naka kuma ka sa masa lamba. Ga wayar yaro, Family Link na Google yana ba iyaye damar taƙaita shafuka da lokacin kallo.

Akwai kuma tagar sirri, Ctrl da Shift da N a Chrome da Edge, Ctrl da Shift da P a Firefox. Samari suna ba ta girman da ba ta da shi. Abin da take yi kawai shi ne ba ta ajiye tarihi da shigarka a wannan na'urar bayan ka rufe. Kamfanin layinka da mai kula da intanet na ofis ba ta ɓoye musu inda ka je, kuma duk abin da ka sauke yana nan. Inda take da amfani na gaske shi ne in ka zo shago irin nawa: buɗe ta, yi aikinka, rufe ta kafin ka tashi. In kwamfutar shago ta tambaye ka ko ta riƙe kalmar sirri, amsar a'a ce, ko da mai shagon ƙaninka ne.

Mataki na 10: Toshe ƙofar 'yan talla

Saƙonnin nan da ke faɗowa a waya, "ka ci kyauta", "wayarka ta kamu da cuta", yawancinsu kai ka ba su izini ba ka sani ba, ranar da wani shafi ya tambaya ka danna Allow don ya kauce maka. A sabuwar burauza shiga Settings, Site settings, Notifications, ka hana shafuka tambaya gaba ɗaya. A Chrome ta kwamfuta Site settings yana ƙarƙashin Privacy and security. Kayan haɗi kuma kada su wuce biyu ko uku, kuma daga rumbun burauzar kanta. Duk wanda ya yi maka alkawarin data kyauta, bar shi inda ka gan shi.

Mataki na 11: Sallamar tsohuwar

Ba ta mako biyu. A cikinsu za ka tuna da wani shafi da ba ka shiga sai ƙarshen wata, na albashi ko na kuɗin makaranta, ka koma ka ɗauko kalmarsa. In mai albashi ne kai, bari har wata ya mutu.

Bayan nan, in ka ga za ta yi maka amfani a matsayin ta biyu, bar ta, amma ka riƙa buɗe ta lokaci-lokaci don ta sabuntu. In ba ka buƙatarta, fita daga akawun ɗinka tukuna, sannan ka goge kalmomin sirri da tarihi, kana ka cire ta. Jerin nan yana da muhimmanci. In ka goge kana cikin akawun kuma haɗin da ke daidaita kayanka tsakanin na'urori, wato Sync, yana kunne, gogewar za ta bi ta shafe su a wayarka da duk wata na'ura da ke kan akawun ɗin.

Wadda ta zo tare da waya galibi ba ta ciruwa. Danne alamarta, shiga App info, ka danna Disable in akwai. In babu, kashe mata Notifications, ka hana ta shan data a ɓoye ta wurin Background data, ka janye alamarta daga fuskar waya. Edge ma a Windows haka take, ba a tumɓuke ta cikin sauƙi, kuma ban ba ka shawarar bin dabarun da ake yaɗawa na cire ta da ƙarfi ba. Cire alamarta daga layin ƙasa ka bar ta a wurin, ranar da wani fom ya ƙi buɗewa za ka neme ta.